Jirgin A-12: alƙaluman da aka gani, aka kasa kai su sama

Ranar 7 ga Janairun 1991 Sakataren Tsaron Amurka, Dick Cheney, ya sa aka soke kwangilar ƙera jirgin yaƙi A-12 Avenger II. An shekara uku ana aiki, an zuba biliyoyin daloli, ko jirgi ɗaya bai tashi ba. Masu horar da jami'an sayen makamai sun daɗe suna komawa kan wannan lamari, domin alƙaluman da ke nuna aikin ya lalace suna nan cikin rahoton wata-wata, kuma masu ƙiyasin kuɗi da ke tsakiyar tsani sun karanta su daidai. Kai labarin sama yadda yake, shi ne ya gagara. Shi ya sa lamarin ya dace da ajin manjoji da laftanar-kanar da takwarorinsu farar hula, mutanen da suka yi shekara huɗu zuwa takwas a ofishin shiri, wato ofishin da ke tafiyar da aikin sayen wani makami, suka iya lissafi, kuma nan ba da jimawa ba su ne za su riƙa sa hannu a rahoton da ke zuwa Pentagon.

Abin da aka sa hannu a kai

A lokacin rundunar sojan ruwan Amurka na neman magajin jirgin kai farmaki A-6 Intruder, wanda ke aiki tun shekarun 1960. Ana son jirgin kai farmaki da rada ba ta saurin gani, mai ɗauke da makamansa a cikin ciki, wanda zai tashi ya kuma sauka a kan jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi. Siffarsa fiffike ne zalla mai kusurwa uku, babu wutsiya. Da farko sojan ruwa sun yi lissafin sayen 620, sojan kundumbala kuma 238.

Ranar 13 ga Janairun 1988 aka ba haɗin gwiwar McDonnell Douglas da General Dynamics kwangilar zana jirgin da ƙera guda takwas na gwaji. Farashin da aka sa a gaba dala biliyan 4.38 ne, iyakar abin da gwamnati za ta biya kuma kusan biliyan 4.78. Idan kuɗin aiki ya zarce abin da aka tsara, gwamnati ta ɗauki kashi 60 na ƙarin, kamfanoni su ɗauki 40, har a kai iyakar. Daga nan duk abin da ya ƙaru a wuyan kamfanoni yake. Jirgi na farko an ce zai fito a Yunin 1990.

Abu biyu ya kamata ɗalibi ya tsaya a kansu tun kafin ya ga rahoton ko wata ɗaya. Na farko, irin kwangilar. Tsayayyen farashi yana da kyau idan an san abin da ake saye: takalmi, harsashi, ko jirgin da an riga an ƙera ɗari irinsa. A nan kuwa fasahar ba ta nuna ba, kuma kamfanonin biyu ba su da gogewa sosai wajen haɗa manyan sassan jirgi da zare da ƙaro a madadin ƙarfe. Ma'aikatar sojan ruwa a zamanin sakatarenta John Lehman ta rungumi irin wannan kwangila da tunanin cewa za ta tilasta wa kamfanoni tsuke bakin aljihu. Na biyu, ɗaya rukunin da ya nemi aikin, wanda Northrop ke jagoranta tare da Grumman da Vought, bai miƙa tayin ƙarshe bisa sharuɗɗan da aka gindaya ba. Northrop a lokacin shi ke ƙera B-2, jirgin jefa bama-bamai mai ɓuya daga rada, wato ya fi kowa sanin abin da ɓuya daga rada ke ci. Idan wanda ya fi sanin aikin ya ja da baya daga farashinka, wannan ma bayani ne, kuma ya isa a sake duba ƙiyasin. Tun ran gini ran zane.

Matsalar da ta fara bayyana nauyi ce. Sassan zare da ƙaro ba su fito yadda aka zana su ba, aka yi ta ƙara musu kauri, wasu aka koma ƙarfe, jirgin ya ƙara nauyin dubban fam. A jirgin da ke sauka a filin ƙasa ana iya jure wannan zuwa wani mizani. A kan jirgin ruwa babu wannan sararin: ƙarin nauyi na nufin ƙarin gudu lokacin sauka, igiyar da ke tare jirgi tana da iyakar abin da za ta iya riƙewa, kuma man da matuƙi zai dawo da shi sai ya ragu. Kowane gyaran nauyi sai an sake zane, zane ya makara, kayan ƙira sun makara, haɗa jirgi a Tulsa ya makara. Ga kuma aikin a rabe tsakanin masana'antar General Dynamics a birnin Fort Worth da ta McDonnell Douglas a St. Louis. Duk wannan yana faruwa ne a ƙarƙashin sirri mai tsanani, inda waɗanda aka yarje wa ganin takardun shirin kaɗan ne, masu binciken da suka saba leƙa irin waɗannan ayyuka kuma akasarinsu suna waje.

Takarda ɗaya ta watan Afrilun 1990

Tun 1967 ma'aikatar tsaron Amurka ta wajabta wa manyan 'yan kwangila su riƙa ba da rahoto da adadi uku: kimar aikin da aka tsara yi zuwa yau, kimar aikin da aka kammala a zahiri bisa farashin kasafi, da kuɗin da aka kashe. Na tsakiyan shi ne ƙashin bayan tsarin. Mai gida da ya ba magini rabin kuɗin gini, magini ya kawo rasit ya ce ya kashe su cif yadda aka tsara, ba zai san halin da yake ciki ba sai ya je ya ga ko ginin ya kai linta.

Ga abin da rahoton A-12 na Afrilun 1990 ya nuna, a miliyoyin daloli. Aikin da aka tsara yi zuwa lokacin: 2,080. Aikin da aka kammala: 1,491. Kuɗin da aka kashe: 1,950. Kasafin aikin gaba ɗaya: 4,046. Ƙiyasin kamfanoni na abin da aikin zai ci idan an gama: 4,400.

Wanda bai samu horo ba zai kwatanta 1,950 da 2,080, ya ce ai ba a ma kashe abin da aka tsara ba, lafiya lau. Wannan shi ne kuskure na farko da ake cirewa daga kan ɗalibi. Kwatancen da ke da amfani tsakanin 1,491 ne da sauran biyun. An kashe 1,950 don samun aikin 1,491, wato an zarce da 459. An tsara aikin 2,080 aka yi na 1,491, wato akwai giɓin aikin 589. An kammala kusan kashi 37 cikin ɗari na aikin, an cinye kashi 48 na kasafin. Idan aka raba 1,491 da 1,950 za a sami 0.76: kowace dala da aka kashe ta samar da aikin santi 76. Wannan shi ne ma'aunin amfanin kuɗi. Idan aka raba 1,491 da 2,080 za a sami 0.72, ma'aunin jadawali ke nan.

Yanzu a dubi 4,400 ɗin kamfanoni. Ya ɗara kasafi da 354 kacal, alhali an riga an zarce da 459. Ma'anarsa kamfanonin na cewa daga yau ba za su ƙara yin asara ba, har ma za su maido da 105 daga abin da ya salwanta. Aikin da ya rage na 2,555 ne, kuɗin da suka bar wa kansu 2,450. A raba, a sami 1.04. Mutanen da suka shekara biyu suna samar da santi 76 a kowace dala suna alƙawarin dala ɗaya da santi huɗu, kuma a matakin haɗa jirgi da gwaji, inda wahalar ta fi yawa. Masu nazari suna da ƙa'idar aiki: idan tazarar da ke tsakanin abin da ake buƙata nan gaba (1.04) da abin da aka saba samu (0.76) ta wuce 0.10, ƙiyasin abin tuhuma ne. A nan tazarar 0.28 ce.

To nawa aikin zai ci? Ana fitar da adadi uku. Idan ragowar aikin ya tafi daidai da kasafi, abin da bai taɓa faruwa a shirin ba, 1,950 da 2,555 sun ba da 4,505, wanda tuni ya fi na kamfanoni. Idan aka ci gaba da santi 76, a raba 2,555 da ma'aunin amfanin kuɗi a ƙara 1,950, a sami kusan 5,292. Idan aka haɗa da matsin jadawali, wato a ninka ma'aunan biyu kafin a raba, domin wanda ya makara yakan biya kuɗin ƙarin lokaci da ƙarin ma'aikata, adadin ya kai kusan 6,612. Iyakar kwangila kuwa 4,780 ce a ƙididdige. Lissafin nan duka bai wuce minti goma da kalkuleta ba.

Akwai kuma hujjar tarihi. Gogewar ma'aikatar a kan shirye-shirye fiye da 400 tun 1977 ta nuna cewa da zarar aiki ya wuce kashi 15 cikin ɗari, ma'aunin amfanin kuɗi ba ya gyaruwa sosai, galibi ma ƙasa yake yi. Daga baya David Christensen da abokin aikinsa Scott Heise sun bi kwangiloli 155, suka ga cewa bayan kashi 20 ma'aunin ba kasafai yake motsawa fiye da kashi 10 ba. A-12 yana kashi 37. Saboda haka 5,292 shi ne ƙasan ƙiyasi, ba tsakiyarsa ba.

Inda labarin ya maƙale

Binciken da Chester Paul Beach ya yi wa ma'aikatar sojan ruwa, wanda ya fito a ƙarshen Nuwamban 1990, ya bi sawun alƙaluman hawa-hawa. Mai nazarin kuɗi da ke tallafa wa ofishin shirin ta riƙa fitar da ƙiyasi iri-iri, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Shugaban shirin, kyaftin ne na sojan ruwa, yakan ɗauki na ƙasa-ƙasa ya sa a rahotonsa, yana dogaro da alƙawuran kamfanoni cewa an gano bakin zaren. Na sama da shi ba su tambaye shi sauran adadin ba. A farkon 1990, lokacin da Cheney ya sa a yi bitar manyan shirye-shiryen jiragen yaƙi, wani mai nazari daga ofishin Sakataren Tsaro ya samu izinin ganin alƙaluman, nan take ya ce aikin zai zarce da kimanin dala biliyan ɗaya, kuma zai makara da shekara guda. Mataimakin Sakatare mai kula da saye, John Betti, bai ɗauki wannan da nauyin da ya kamata ba. A ƙarshen Afrilu Cheney ya shaida wa Majalisa cewa shirin na tafiya daidai. Ranar 1 ga Yuni kamfanonin da kansu suka sanar da sojan ruwa cewa kuɗi zai wuce iyaka nesa ba kusa ba, kuma ba za su cika wa'adi ba.

Beach bai ɗora abin a kan mugun nufi ba. Ya kira shi matsalar al'ada da ta yi kanta: kowa a matakinsa yana fassara bayani ta fuskar da ta fi daɗi, musamman idan mummunan labari zai iya jawo a yanke kuɗin shirin. Manyan hafsoshi biyu masu muƙamin admiral da shugaban shirin sun rasa kujerunsu, Betti ya yi murabus a Disamba.

Akwai dalili na biyu da ɗalibai suka fi saurin faɗawa cikinsa, domin a ido yana da ma'ana. Tunda farashi tsayayye ne, in an wuce iyaka ai asarar ta kamfani ce, me zai dame mu? Amsar ita ce kamfanin da ke fuskantar asarar biliyan ɗaya ba ya zama ya haɗiye. Zai rage injiniyoyi, zai nemi a sassauta ƙa'idojin jirgin, zai shigar da ƙorafin neman ƙarin kuɗi, zai yi ƙoƙarin fanshewa a farashin jiragen da za a saya daga baya. Ga shi kuma gwamnati tana biyan kuɗi kashi-kashi gwargwadon abin da kamfani ya kashe. Idan ƙiyasin ƙarshe ya yi ƙasa da gaskiya, ana biyan kuɗin da ya fi aikin da ke ƙasa. Haka aka wayi gari gwamnati na neman a maido mata dala biliyan 1.35 na aikin da ba ta karɓa ba.

Tsarin horaswar da lamarin ya tarar

Sau da yawa ana cewa A-12 ne ya haifar da dokar inganta ma'aikatan sayen kayan tsaro, wadda aka fi sani da DAWIA. Kwanan wata bai yarda da haka ba: dokar ta fito ne a Nuwamban 1990, wata biyu kafin a soke jirgin. Tushenta ya fi haka nisa. David Packard, yana Mataimakin Sakataren Tsaro, ya kafa makarantar koyar da tafiyar da ayyukan makamai a sansanin soja na Fort Belvoir a 1971, wadda ta zama kwalejin DSMC. Kwamitin da ya jagoranta a 1986 ya ce ma'aikatan saye na gwamnati ba su kai takwarorinsu na kamfanoni horo da gogewa ba. Abin da A-12 ya yi shi ne ya ba sabuwar dokar misali mai zafi a daidai lokacin da ake fara aiwatar da ita.

Dokar ta raba ma'aikata zuwa fannoni, kowane fanni da matakin shaida uku, kuma kowane mataki yana buƙatar ilimi, kwas, da shekarun aiki. Wanda zai shugabanci babban shiri sai ya yi shekara takwas a harkar saye, biyu daga ciki a ofishin shiri ko makamancinsa, kuma ana so ya zauna a kujerar har zuwa babban matakin yanke shawara mafi kusa da cikarsa shekara huɗu. Wannan sharaɗi na zama yana da muhimmanci fiye da yadda ake ba shi: hafsan da ya san zai tashi bayan wata goma sha takwas yana da kowane dalili na barin mummunan labari ga magajinsa. Dokar ce kuma ta sa aka kafa DAU, jami'ar horar da ma'aikatan sayen kayan tsaro, a 1991. Tsohon kwas ɗin shugabannin shiri na mako 20 ya koma 14 a tsakiyar shekarun 1990, daga baya aka samar da kwas ɗin PMT 401 na mako 10, wanda kusan gaba ɗayansa nazarin lamura ne. A Fabrairun 2022 aka taƙaita fannonin zuwa shida, shugabancin shiri ya koma mataki biyu, na shekara huɗu da na shekara takwas, tare da sa'o'i 80 na ƙarin ilimi duk shekara biyu.

Yadda ya kamata a tafiyar da darasin

Lacca ba ta isa. Kyaftin ɗin A-12 ba rashin sanin yadda ake raba 1,491 da 1,950 ne ya kayar da shi ba, don haka darasin da ya tsaya a kan rabawa ya bar ainihin ciwon.

A fara da ɓoye sunan jirgin. A ba kowane ɗalibi shafi uku ko huɗu da yamma: sharuɗɗan kwangila, adadi biyar ɗin nan, jadawalin nauyi da ke hawa wata bayan wata, da wasiƙar kamfani mai cewa an ɗauki matakan gyara. Kada a saka abin da ya faru bayan Afrilu. Wanda ya san ƙarshen labari yakan ɗauka da shi ne da ya gane, kuma da wannan tunanin ba ya koyon komai. Kowa ya yi lissafinsa shi kaɗai, ya rubuta adadi ɗaya da zai sa hannu a kai. Da safe a haɗa su biyar-biyar ko shida-shida, kuma a cakuɗa: injiniya, jami'in kwangila, mai kasafi, mai gwaji, mai kula da kayan gyara. Kowannensu yana ganin abin da sauran ba su gani ba. Injiniya ne zai ce nauyin ya fi kuɗin tsoratarwa, jami'in kwangila ne zai tuna da batun biyan kashi-kashi.

Sai babban zama. Ɗalibi ɗaya ya tsaya a matsayin shugaban shiri, malami ya zauna a kujerar admiral, a ba shi minti biyar. Malamin ba ya ihu, ba ya barazana. Da murmushi yake tambaya: "Kwamanda, ka tabbata? Shugaban kamfanin ya kira ni jiya, ya ce sun shawo kan matsalar fiffiken. Ka san kwamitin kasafi zai zauna mako mai zuwa. In muka kai musu biliyan biyar da ɗoriya, shirin ya mutu, kuma A-6 ba zai kai mu wasu shekara goma ba. Ba za ka ba su wata uku mu gani ba?" A nan ne ake ganin abin da aka zo nema. Da yawa sukan ce, "To ranka ya daɗe, za mu iya sa 4,700 mu ci gaba da sa ido." Adadin 4,700 bai fito daga kowane lissafi ba. Ya fito ne daga son zama ƙasa da iyaka. Malami ya rubuta shi a allo kusa da wanda ɗalibin ya sa wa hannu da daddare, ya bar ajin su tattauna tazarar.

Abin da ake so ɗalibi ya fita da shi salon rahoto ne da ke da wuyar lanƙwasawa. A kawo adadin uku tare, kowanne da sharaɗinsa a jimla ɗaya. A sa na kamfani a gefe, tare da 1.04 da ake buƙata don cimma shi da 0.76 da aka saba samu. Idan shugaban shiri yana son ya zaɓi adadin da ya fi na lissafi sauƙi, yana da wannan ikon, amma ya rubuta takamaiman abin da zai canza, da ranar da za a duba ko ya canza. "An ƙara injiniyoyi" ba amsa ba ce. "Zanen da ake saki a mako zai tashi daga kaza zuwa kaza kafin ƙarshen Yuni, in bai tashi ba mu koma 5,292" amsa ce. Sannan kada a kai mummunan labari hannu rabbana: a zo da zaɓi, ko rage wata buƙata, ko sake fasalin kwangila, ko tsayawa a yi bita, kowanne da kuɗinsa da lokacinsa. Admiral ɗin da aka ba zaɓi ya fi sauraro fiye da wanda aka ajiye wa matsala a tebur.

Zama na gaba na shakkar alƙaluman ne su kansu, domin jami'in da ya yarda da rahoto ido rufe shi ma ana iya yaudararsa. Rahoton yakan iso bayan makonni da rufe watan, wato tsohon labari ne. Ayyukan da ake auna su da wucewar lokaci kawai, kamar gudanarwa, kullum suna nuna an yi abin da aka tsara, don haka idan sun yi yawa sukan rufe ɓarnar da ke sashen ƙira. A cire su a sake lissafi. Wasu ƙananan ayyuka ana ba su rabin kimarsu da zarar an fara, sai kamfani ya buɗe da yawa bai rufe ba. Kayan da aka karɓa ba a biya ba tukuna suna sa ma'aunin kuɗi ya yi kyau na ɗan lokaci. Ma'aunin jadawali kuwa dole ya koma 1.0 a ƙarshen kowane aiki ko da an makara shekara biyu, saboda haka a rabin ƙarshe a dubi jerin ayyukan da ke riƙe da ranar gamawa, kada a dogara da shi. Mafi haɗari shi ne sake tsara ma'auni: a share giɓin baya a fara daga sifili. Wani lokaci ya zama dole, amma jami'i ya ajiye tsohon jadawalin a aljihun teburinsa.

Alamomin fasaha suna riga na kuɗi fitowa. Nauyi, yawan zanen da aka saki idan aka kwatanta da wanda aka tsara, yawan sassan da aka ƙera aka yar, yawan gyaran zane bayan an saki. Shi ya sa a 1994 ma'aikatar ta kawo bitar haɗin gwiwa ta ma'aunin aiki, wato tsarin kasafi da jadawalin da za a riƙa auna aikin da shi, wadda ake yi cikin wata shida da ba da kwangila. Injiniyoyin gwamnati su zauna da mai riƙe da kowane ɓangaren kasafi a kamfani, su tambaye shi: me aka ce ka yi, da mutum nawa, zuwa yaushe, me kake jira daga wani, ta yaya za a san ka gama, me ke hana ka barci? Yana da kyau ɗalibai su gwada wannan hira a aji, ɗaya ya zama injiniyan kamfani da aka ba kasafin da ya san bai isa ba.

Darasin yakan lalace ta hanyoyi sanannu. Ajin ya koma kotu, kowa na zagin kyaftin ɗin; malami ya dakatar da su ya tambayi wa ya taɓa sassauta adadi kafin ya shiga ofishin maigidansa. Ko a cika ajin da masu kasafi zalla, a yi lissafi mai kyau a manta da nauyin jirgi. Ko a tura jami'i kwas shekara biyu kafin ya sami kujerar da zai yi amfani da shi, ko bayan ya riga ya yi shekara a kanta. Akwai kuma iyakar da aji ba ya iya tsallakewa: idan manya suna hukunta mai kawo mummunan labari, mako goma a Fort Belvoir ba za su canza lissafin da laftanar-kanar ke yi game da ƙarin girmansa ba. Saboda haka ake buƙatar ƙiyasi mai zaman kansa daga ofishin da ba ya ƙarƙashin shirin, abin da dokar gyaran sayen makamai ta 2009 ta ƙarfafa, da kuma dokar Nunn-McCurdy ta 1982 da ke tilasta sanar da Majalisa idan farashin kowane guda ya tashi da kashi 15, da sake tantance shirin idan ya kai kashi 25.

Zaman ƙarshe na jami'an kwangila ne

Soke kwangila iri biyu ne: don laifin ɗan kwangila, inda gwamnati ke iya neman kuɗinta, ko don buƙatar gwamnati, inda take biyan abin da aka kashe. An soke A-12 ne da sunan laifi. A watan Agustan 1990 sojan ruwa sun riga sun ɗage wa'adin jirgi na farko zuwa Disamban 1991 bisa raɗin kansu, a tsakiyar Disamban 1990 suka aika takardar gargaɗi, makonni uku bayan nan aka soke. Kamfanonin suka tafi kotu. Alƙalin farko ya ga cewa jami'in kwangila bai yanke hukunci da nazarin kansa ba, an tura shi ne bayan Sakatare ya ƙi sakin kuɗi, sai ya mayar da sokewar ta zama don buƙatar gwamnati. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wannan a 1999, aka yi ta kai da kawo. Kamfanonin sun kuma yi iƙirarin cewa gwamnati ta san abubuwa game da fasahar ɓuya daga rada ta ƙi gaya musu, gwamnati ta ce sirrin ƙasa ne ba za a tattauna shi a kotu ba, batun ya kai Kotun Ƙoli a 2011.

Aikin da ake ba ɗalibai a nan shi ne su rubuta takardar sokewar da za ta tsaya a gaban alƙali: wane wa'adi aka saɓa, shin wa'adin yana nan da ƙarfinsa bayan an ɗage shi, wace hujja ke nuna ba za a iya gamawa a kan lokaci ba, wa ya auna hujjar, a wace rana. An sasanta shari'ar a Janairun 2014, shekara 23 bayan sokewar. Boeing, wanda ya haɗe McDonnell Douglas a 1997, da General Dynamics kowanne ya ba sojan ruwa kaya da ayyuka na kimanin dala miliyan 200. Gurbin da aka yi wa A-12 tanadi kuwa jirgin F/A-18E/F Super Hornet ne ya cike shi.